Murhun Gwaggo Mai Kai Uku

Gyaran murhun gas nake yi a Parakou. Shagona ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano a gabansa. Ban yi nisa a makaranta ba, amma abin da na koya a jere na koye shi, kuma a jere nake yin sa har yau. Idan aka ajiye murhu a gabana, akwai abu huɗu da nake yi kafin in taɓa ashana. Na farko hanci: in sunkuya ƙasa in shaƙa, domin gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Na biyu kunne: in buɗe tukunyar gas, in sa kowa ya yi shiru, in saurara ko akwai huci. Na uku ido da yatsa: in bi tiyo tun daga kan tukunya har bakin murhu, in lanƙwasa shi in ga ko ya tsage. Na huɗu ruwan sabulu: in kaɗa kumfa a kwano in shafa a kowane mahaɗi, duk inda kumfa ta kumbura, nan gas ke fita. Wuta ita ce ta biyar, kuma ba kowane murhu ne ke kaiwa ta biyar a hannuna ba.

Mutane ba sa son wannan jeri. Kowa so yake a fara daga ta biyar. Mace za ta kawo murhu a kan babur, tun ba a sauke shi ba ta ce, "Ƙyasta mana mu gani." In ya kama, a wurinta magana ta ƙare. Na sha faɗa cewa kamawar wuta ba ta nuna lafiyar murhu, domin murhun da zai ƙone gida ma kamawa yake yi. Wasu sun ji, wasu sun ɗauki kayansu sun tafi wurin wanda zai ce musu lafiya lau. Na saba da wannan daga baƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da na gamu da shi a cikin dangina.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Tana Djougou, a tsohon gidan marigayi mijinta, gidan fataken goro. Lokacin da gas ya fara shiga gidaje, ita ce ta fara sa mai walda ya ƙera mata babban murhu na sha'ani. Ƙafa huɗu gare shi, kai uku, kowane kai yana ɗaukar tukunyar da sai mutum biyu sun kama. A gabansa akwai bututun ƙarfe da ya bi daga gefe zuwa gefe, shi ke raba gas ga kawunan, kowane kai da robine nasa na buɗewa da rufewa. Ba ta girkin gida da shi. Na biki ne da suna da sadakar mamaci.

A danginmu ba a hayar kayan sha'ani, aro ake yi, kuma aron yana da ƙa'ida. Ba a hana shi. Ba a kushe abin da aka aro. Ba a kuma mayar da shi yadda aka karɓo, sai ya fi kyau: a wanke, a goge, a haɗa da sabulu da ƙullin goro. Tukwane ana dirje su da toka har su yi haske. Murhu kuwa ba ya dirzuwa, don haka wani gida ya fara yi masa fenti kafin mayarwa, sauran gidaje suka bi. Haka murhun nan ya yi ta yawo shekara da shekaru a kan motoci da babura, Djougou, Kolokondé, Onklou, har Parakou, yana komawa wurin Gwaggo kullum yana ƙyalli. Ni kaɗai ban taɓa aronsa ba, kuma ba wanda ya taɓa kawo mini shi in duba.

Da damina ne ƙanwata, wadda ke aure a Djougou, ta kira ni a waya. 'Yarta ta sauke Alƙur'ani, za a yi walima ranar Asabar. Bayan ta gayyace ni sai ta rage murya ta ce, "Yaya, ka zo tun Juma'a, ka taho da jakar aikinka. Murhun Gwaggo yana nan, ina so ka ɗan duba shi."

Na ce, "Me ya same shi?"

Ta ce, "Babu komai. Dubawa kawai."

Wanda ya ce babu komai ba ya kiran mai gyara daga wani gari. Na sa tiyo sabo a jaka, da maƙalai na ƙarfe, da detandar guda, wato kan da ake ɗaurawa a tukunyar gas don ya rage ƙarfinta. Da sassafe ranar Juma'a na shiga taksi, muka isa Djougou da hantsi.

Na tarar an riga an shigar da murhun ɗakin girki. Ɗakin ma sai da na tsaya na dube shi. Ƙasansa ya fi tsakar gida zurfi, sai an taka mataki ɗaya an sauka. Taga ɗaya ce, can sama. A kusurwa akwai kurfoti, ƙaramin murhun gawayi da ake ɗora ruwan zafi. A nan mata takwas ko goma za su zauna gobe a kan ƙananan kujeru, zannuwansu suna jan ƙasa. Na ce a fito da murhun tsakar gida.

Muna cikin fito da shi sai ga ɗan Gwaggo ya shigo. Taubashina ne, tsakaninmu akwai wasa tun muna yara, kuma shi ya kawo murhun a motarsa.

Ya ce, "A'a, an kira babban likita daga Parakou! Ina farar rigar? Murhu ne ba shi da lafiya ko kai ne ba ka da aiki?"

Na ce, "Matsa daga haskena."

Ya zaro ashana daga aljihu. "Bari in rage maka wahala. Ka buɗe gas, in bi tiyon da wuta. Inda ya ce fut, nan ne ciwon. Minti ɗaya, c'est fini, an gama."

Na karɓe ashanar daga hannunsa na sa a aljihuna. Ya yi dariya, matan da ke tsince shinkafa a inuwa suka taya shi.

Na fara. Hanci bai ba ni wahala ba, ina sunkuyawa na ji wari. Kunne kuwa, da na buɗe tukunyar gas, sai da na yi tsawa sau biyu kafin a daina daka. Akwai huci siriri, amma ban gane daga ina yake ba. Na zo na uku. Tiyon da ke jiki ba na gas ba ne, irin koren nan ne na ban ruwa. Ya bushe, da na lanƙwasa shi sai ya buɗe baki a wuri biyu. Bakinsa duka biyu da robar tayar babur aka ɗaure, an naɗa an sake naɗawa. Na cire detandar, na ga 'yar zoben robar da ke toshe mahaɗi ba ta nan, an cusa baƙar leda a madadinta. Na ɗaga ledar na nuna wa taubashina.

Ya ce, "Ai ta riƙe."

Waɗannan duka ƙananan ciwo ne a wurina. Na sa tiyo sabo, na ɗaure da maƙalai, na ɗaura sabon detandar. Ƙanwata tana tsaye a kaina, na ji ta sauke ajiyar zuciya. Ta ce, "Alhamdulillahi. Shi ke nan ko, Yaya?"

Na ce, "Saura na huɗu."

Na kaɗa sabulu. Na shafa a kan detandar, shiru. Na shafa a bakin tiyo, shiru. Robine na tsakiya ya ɗan yi kumfa, wannan ana iya ɗaure shi. Amma hucin nan bai tafi ba. Sai na sa aka kwantar da murhun a gefensa, na shafa kumfa a ƙasan bututun, inda ido ba ya kaiwa idan murhun yana tsaye. Kumfa ta tashi a wuri uku. A ɗaya daga ciki ta kumbura kamar ƙwan kaza ta fashe, wata ta sake tasowa.

Na rufe tukunya. Na ɗauki wuƙa na fara kankare fentin. Fentin da ke sama ruwan azurfa ne. A ƙarƙashinsa shuɗi, ƙarƙashin shuɗi kore, sannan baƙi, sannan wani azurfar. Tsakanin fenti da fenti na tarar da abin da aka liƙa: wani wuri gam ne, wani wuri sabulu aka murza aka toshe, wani wuri tsumma ne da kwalta. Da na kai ga ƙarfen kansa, ja ne jawur, yana ɓarɓashi. Miyar shekaru da gishirinta ta yi ta zuba tana gangarawa ƙasan bututun, fenti yana rufewa, tsatsa tana ci daga ciki. Na ɗora bakin sukudireba na danna kaɗan da yatsa biyu. Ya shige. Daga wannan rami zuwa inda wuta ke ci bai kai taƙi ɗaya ba.

Na miƙe na ce, "Ba za a kunna murhun nan ba."

Taubashina ya ce, "Kai ka huda shi yanzu a gaban idonmu, sannan ka ce ba za a kunna ba?"

Na ce, "Ƙarfen da yatsa biyu suka huda, dama a huje yake."

Ya ce a kira mai walda. Na ce walda ba ta kama tsatsa, in aka ɗiga a nan sai can ya buɗe. Bututun gaba ɗaya za a sake, kuma aikin kwana uku ne a Parakou. Ya ce a yi girkin a tsakar gida inda iska ke kaɗawa. Na tsaya na yi tunanin wannan da gaske, domin ba na son a ce ban saurara ba. Amma ramukan suna dab da wuta, kuma damina ce, da an fara yayyafi mata za su ja shi su koma ɗaki, ba wanda zai tambaye ni. Na ce a'a.

Ƙanwata ta ja ni zuwa bayan ɗaki. Idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Yaya, shuɗin fentin nan namu ne. Lokacin sunan autana muka ji wari, maigidana ya sa gam, ni na shafa fenti."

Na ce, "Kika mayar wa Gwaggo haka?"

"To me zan ce mata? In na ce ya lalace, a gidana ya lalace. In na ce dama haka ya zo, na kushe kayan aro, kuma na ɗora wa gidan da ya ara kafin ni. Kowa haka yake yi, Yaya. Ka rufa mini asiri. Ka toshe shi na gobe kawai."

Wannan magana ta fi tsatsar ɓata mini rai. Fenti hawa biyar na ƙirga a bututun nan, gida biyar ke nan aƙalla da suka ji wari, suka liƙe, suka shafe, suka miƙa wa 'yan'uwansu da goro a kai. Kuma duk mutanen kirki ne masu kunya. Na ce mata, "Na kira ki ƙanwata ne don in zaunar da ke da 'yarki a gaban wannan? Ba na toshewa." Ta ce to ni zan je in gaya wa Gwaggo, ita ba za ta iya ba.

Bayan an sauko daga masallaci na tafi. Gwaggo tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, tana yayyafa wa goro ruwa tana canja masa ganye. Na durƙusa na gaishe ta, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, na amsa ɗaya bayan ɗaya. Labari ya riga ni zuwa, na gani a fuskarta. Duk da haka na faɗa mata a jere: tiyo, detandar, robine, bututu.

Ta ce, "Wa ya lalata shi?"

Na ce, "Ba kowa, Gwaggo. Gishiri ne da shekaru."

"Gida nawa murhun nan ya shiga? Biki nawa ya ciyar? Ba wanda ya taɓa zuwa ya ce mini uffan. Kai kaɗai Allah ya ba hanci a dangi?"



Ta ci gaba da cewa, "Ɗan nan, an gayyaci mutane. Shinkafa tana jiƙe, an yanka rago. Ka tashi ka je ka ce musu lafiya lau, gobe a yi girki. Bayan walima sai a duba."

Ban taɓa musa wa Gwaggo ba. Ita ta yi wa mahaifiyata wankan jego lokacin da aka haife ni. Na sunkuyar da kai na ce, "Ki gafarce ni, Gwaggo. Duk abin da kika sa ni zan yi, ban da wannan."

Ta ci gaba da juya goronta. Ba ta sallame ni ba, ba ta sake dubana ba. Na jira har ƙafata ta yi sanyi, sannan na tashi.

Na san mutanena. Na san da na juya baya wani zai kawo gam. Don haka da na koma gidan ƙanwata na kwance robine ukun duka, na cire bakin da tiyo ke shiga, na zuba su a jaka na zuge. Taubashina yana kallo. Ya ce, "Yau ga ɓarawo da rana tsaka, da supana a hannu." Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Ranar Asabar aka tashi da hadari. An kafa duwatsu a ƙarƙashin rumfa, aka nemo itace, rabinsa a jiƙe. Tun da ni na jawo, ni na yi ta faskare ina kaiwa. Hayaƙi ya cika gidan. Mata suna hura wuta suna share hawaye, kuma kowace ta ɗago sai ta jefe ni da magana.

"Sannu da aiki, mai gas. Ka mayar da mu zamanin kakanni."

"A Parakou haka kuke gyara? A kawo muku abu yana aiki ku kashe shi?"

"Ku bar shi, hancinsa ne ya fi namu tsawo."

Shinkafar farko ta kama a gindi, ta yi ƙauri. Wasa-wasa, wato dambun garin doya, bai turaru da wuri ba. Miyar wagashi, wato cukun Fulani, ita kaɗai ta fito yadda ake so. Abincin da aka shirya fitarwa da azahar bai fita ba sai bayan la'asar, lokacin malamai sun gama addu'a sun gaji da zama, baƙin Kolokondé kuwa wasunsu sun hau babura sun tafi don kada ruwa ya tare su a hanya. Yarinyar da aka yi taron dominta ta yi karatunta da kyau, amma ba na jin wani ya koma gida yana zancen karatun. Mijin ƙanwata ya ba ni hannu bai dube ni ba. Gwaggo ta zo, na gaishe ta, ta amsa wa na kusa da ni.

Abin da ke cin mai irin aikina ke nan. Da na toshe ramin, wataƙila a yi girki lafiya a yabe ni. Da na hana, ba abin da ya faru, kuma ba a gode wa mutum don abin da bai faru ba. Ba ni da ƙonannen ɗaki da zan nuna. Ƙonanniyar shinkafa ce kawai a gaban kowa.

Washegari da safe ina haɗa jakata ƙanwata ta gaya mini cewa an riga an yi wa wani gida a Kolokondé alkawarin murhun, biki ne ranar Asabar mai zuwa. Taubashina ya ce robine ba gwal ba ne, zai sayo wasu a kasuwa, kuma ya yi magana da mai walda. Na ajiye jakar. Wahalar jiya duka ta zama banza ke nan, an dai matsar da hatsarin daga ɗakin ƙanwata zuwa ɗakin wata.

Na ɗauki kwano da sabulu na nufi gidan Gwaggo. An riga an mayar da murhun, yana jingine a zaure. Niyyata in mayar da robine, in ɗaura gas, in nuna mata kumfar da idonta. Na tarar da ita ita kaɗai. Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Na fara bayani.

Ta ce, "Ajiye kwanon nan. Wanki ka zo yi mini?"

"So nake ki gani, Gwaggo."

"Ka ɗauka ban da hanci?"

Na ɗago kai.

Ta ce, "Zauren nan nake bi in fita. Duk ranar da aka dawo da shi, kwana biyu ina jin warinsa. Kuma na san abin da sabon fenti yake nufi, ba jiya aka haife ni ba. Amma ba wanda ya ce mini ya lalace. In aka zo aro na ce a'a, me za a ce? Gwaggo ta tsufa ta fara rowa. In na ce ya lalace, sai a tambayi wanda ya dawo da shi na ƙarshe. Wa zan kunyata?"

Na ce, "To shekaranjiya da na faɗa miki fa?"

"Shekaranjiya a tsakar gida ka fara faɗa, a gaban surukan ƙanwarka, kafin ka zo wurina. Kai mai son komai a jere, a nan ka tsallake na farko."

Raina yana ɓace, domin ga shi kowa ya sani, mai kaya ta sani, masu aro sun sani, kuma duk sun bar mata suna zama a gabansa. Amma abin da ta faɗa a kaina gaskiya ne.

Sannan ta ce, "Kai ba ka taɓa aron komai a wurina ba. Anjima mata za su zo yi mini ban gajiya. Ka dawo a gabansu ka ari murhun."

"In ce zan yi me da shi?"

"Ana tambayar mai aro abin da zai yi? Ka ara kawai. Kuma ka san ƙa'ida, ba a mayar da kayan aro yadda aka karɓa. Ranar Alhamis nake son sa. Abin da ka yi masa a can, kada in ji a bakin kowa."

Na ce, "Gwaggo, ya fi kyau a faɗa wa mutane gaskiya, don su daina liƙe-liƙe."

Ta ce, "Murhun kake so ko wa'azi? Zaɓi ɗaya."

Na zaɓi murhun. Da hantsi na koma, na durƙusa a gaban mata shida, ciki har da waɗanda suka sha hayaƙi jiya, na ce, "Gwaggo, na zo aron murhu." Ɗaya ta ce, "Ikon Allah! Wanda ya ce ba ya kunnuwa?" Gwaggo ta ce, "Ɗauka, ɗana. Allah ya sa a yi sha'ani lafiya." Taubashina ya yi dariya har ya dafa bango. Ya so ya musa saboda alkawarin Kolokondé, amma ba a hana aro, kuma uwarsa ta riga ta bayar. Shi da kansa ya taya ni ɗaure murhun a saman taksi.

Kwana uku na yi a kansa. Na yanke tsohon bututun na jefar. Na sa mai walda da na yarda da shi ya haɗa sabo da ƙarfe mai kauri, ina tsaye a kansa. Na sake robine na tsakiya. Kai ɗaya ya tsage, na canja shi, sauran biyun na wanke hancinsu da siririyar waya. Na ƙara wani faranti a saman bututun don miya ta daina zuba masa. Sannan na bi jerina tun daga farko: hanci, kunne, ido, sabulu. Shiru ko'ina. Na ƙyasta ashanar taubashina, wadda har lokacin tana aljihuna. Wuta ta tashi shuɗiya a kawuna uku, ba ja, ba hayaƙi. Na yi wa jikin murhun fentin azurfa kamar yadda ya zo, amma ƙasan bututun na bar shi tsirara, don duk wanda ya leƙa ya ga ƙarfe.

Ranar Alhamis na mayar da shi Djougou, da sabulu da ƙullin goro. Taubashina ya ɗaura gas a zaure ya kunna a gaban mutane. Ya ce, "Jama'a, ku shaida! Ga murhun da likita ya ce ya mutu. Dubi yadda yake ci! Fenti kawai ya sha. A kan wannan aka ciyar da malamai ƙanzo."

Na dubi Gwaggo. Tana kwance ƙullin goron tana duba ko masu kyau ne. Na haɗiye maganata. Abu ɗaya na iya faɗa: na ce don Allah duk wanda ya ara kada ya shafa wa ƙasan bututun fenti, kuma in an ji wari a kira ni. Taubashina ya ce, "Mun ji, likita. Har da sa hannu za mu yi?"

Aka yi bikin Kolokondé lafiya. Har yau a Djougou, idan zancen walimar nan ya taso, ni ne mutumin da ya hana kunna lafiyayyen murhu. Ƙanwata ta san gaskiya, amma ba za ta faɗa ba, domin shuɗin fentin nata ne. Mijinta bai sake kirana a waya ba sai da sallah.

Bara aka gayyace ni suna a Onklou. Na isa ana shirin ɗora tukwane, na ga murhun a gindin mangwaro. Ya yi kyau, kore shar tun daga sama har ƙafafu. Na durƙusa na leƙa ƙasan bututun. Shi ma an shafe shi, har fentin ya yi ɗigo ya bushe. Matar gidan ta taho da ashana a hannu tana yi mini sannu da zuwa. Na ce ta dakata, ta ba ni kwano da sabulu, kuma a daina dakan nan tukuna.